Jitocin Dakta Sani Masu Tsirkiya Huɗu

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Riyadh, wata biyu da zuwana aikin ɗaukar hoton ƙashi, can cikin shekarun 1980. Bayan sallar Juma'a 'yan Najeriya kan taru gidan Dakta Sani a unguwar Ulaya a ci shinkafa. Ni kuwa sabon zuwa ne, ina neman a san da ni.

Da hira ta gangaro kan kiɗa, sai na ce ai ni ne makaɗin jita na makarantarmu a Zariya (gaskiyar magana, amsa amshi kawai nake yi daga baya). Fuskar Dakta ta washe. Ya ce shekara biyar ke nan yana neman wanda zai gane abin da yake tarawa. Ya ja mu wani ɗaki, ya kunna fitila.

Jitoci bakwai ne rataye a bango. Na goya hannu a baya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyaɗa kai kamar mai sayen shanu. Can na juyo cike da tausayi.

"Ranka ya daɗe, an cuce ka. Jita tsirkiya shida gare ta, waɗannan duk huɗu-huɗu ne."

Maimakon in ja bakina, sai na nuna wata da fentinta ya goge, na ce na san mai fentin mota a unguwar Utaiƙa da zai mayar da ita sabuwa fil.

Dakta ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ya sami numfashi, ya ce waɗannan bes ne, masu babbar murya, haka ake ƙera su. Wadda na raina kuwa ta kusa shekara talatin, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa sauya mata ba, kuma gogewar nan gumin hannun makaɗa ne. A shafa mata fenti, darajarta ta tafi.

Na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya sauko da ita, ya ɗora mini a cinya.

"To, makaɗin Zariya, bismillah."

Na taɓa tsirkiya ɗaya, sai na ji gurnaninta har cikin haƙarƙarina. Shekara uku ya yi yana koya mini duk Juma'a, kuma yanzu ina da nawa tsofaffi guda biyu. Tun daga ranar, in zan cika baki, sai na fara tambayar abin da mai gida ya ajiye a ɗaki.