Ranar da Aka Yi Musayar Gonaki

Wani ne a wajen Bunkure, zamanin da ruwan Tiga ya mayar da kowa manomin rani. Allah ya yi gonarsa can wutsiyar kanal, ruwa ba ya isowa gare shi sai na sama sun sha sun ƙoshi. Babban mai shan kuwa Jaji ne, wanda gonarsa ke daf da ƙofar ruwa. Da an saki ruwa sai Jaji ya jera buhunan ƙasa ya datse, ya zuba bututansa, ya zauna yana shan rake.

Tumatirin mutumin namu ya fara fure, ga ƙasa ta tsattsage kamar faso. In bai sha ruwa a makon nan ba, to bana ta wuce shi. Kullum na sama da na ƙasa cikin dambe suke, har mai unguwa ya gaji da rabon faɗa.

Sai malamin gona ya kawo wani malamin makaranta ɗan Indiya, wai yana da maganin zafin zuciya da ake kira yoga. Liman ya leƙa, ya ga miƙa ce kawai da jan numfashi, ya ce a yi. Aka taru a gindin mangwaro, ɗan Indiya na faɗa, malamin gona na fassarawa.

"Kowa ya naɗe ƙafa, ya rufe ido. Kada ka buɗe sai zuciyarka ta huce."

Kowa ya ɗan taɓa ya tashi. Mutumin namu yana nan. Rana ta take, yana nan. Akuya ta zo ta cinye gefen malafarsa, yana nan.

Malamin gona ya taɓa shi. "Malam, har yanzu ba ka huce ba?"

"Ina zan huce? Da na kusa, sai in hango Jaji a cikin duhun idona yana shan rake."

Da aka ce ya tashi, ƙafa ta ƙi warwaruwa. A baro aka kai shi gida, a naɗe kamar gammo.

Ɗan Indiya ya ce tunda numfashi bai isa ba, a yi wasan kwaikwayo a dandali, kowa ya fito a matsayin abokin faɗansa. Jaji ya fito a mutumin namu. Ya faɗi ƙasa yana birgima. "Wayyo tumatirina! Wayyo iyalina! Ko ɗigo ɗaya, bayin Allah!" Tun yana yi da wasa har hawayen gaske suka zubo masa. Tsofaffi suka hau share ido.

Shi kuwa mutumin namu aka ba shi rigar Jaji da sandar rake. Ya harɗe, ya shanye tas, ya ce a ƙaro.

"Kai, yanzu ne fa za ka ji tausayi ka buɗe ruwan," in ji malamin gona a hankali.

"Tsaya tukuna, malam. Ashe haka zama Jaji yake da daɗi!"

Mai unguwa ya ga zuciyar Jaji ta yi laushi, sai ya yanke hukunci. Gobe ranar ruwa ce, a yi musaya. Jaji ya je wutsiya ya shayar da tumatirin mutumin, shi kuma ya hau sama ya kula da gonar Jaji. Jaji ya rantse zai riƙe tumatirin nan kamar nasa. Aka tafa, aka yi addu'a, kowa ya ce adalci ya zo gari.

Gari na wayewa Jaji ya ɗauki bututansa ya gangara. Ya gyara kunya, ya jera bututu, ya tsaya jiran ruwa. Hantsi ya dubi ludayi, shiru. Azahar ta yi, ko kwaɗo bai gangaro ba. Ganyen tumatir ya yi laƙwas. Jaji ya rasa yadda zai yi, ya tafi ya kira Iya, mahaifiyar mutumin.

Iya ta dogara sandarta ta bi bakin kanal har sama. Me za ta gani? Ɗanta ya jera buhunan Jaji duka, ya ƙara da kututture, ya liƙe da laka. Albasar Jaji ta sha har ta gode Allah. Shi kuma ya hau saman buhunan ya naɗe ƙafa, ido a rufe, sai murmushi yake.

"Kai, ɗan nan!"

"Iya, yi a hankali. Yau dai na huce."

"Hucewar ƙaniya! Ruwan da ka datse ɗin nan, tumatirin wa ke jiransa?"

"Nawa."

"To ga shi can yana mutuwa!"

Ko ido bai buɗe ba, ya ce, "Ya mutu mana, Iya! Ba Jaji ne tsaye a ciki ba? Yau shi ma ya ji yadda ake ji!"