Shaidar Sarkin Ruwan Kasko

Duk bakin Kainji, daga Shanga har Ngaski, ba a yi gwanin ruwa kamar Injiniya Sahabi ba. Ba wanda ya san makarantar da ya yi injiniyancin, amma yana da hular kwano da biro uku a aljihu, to me kuma ake nema? Shekarar da aka yanke jihar Kabi, ƙaramar hukuma ta ɗora shi kan dam ɗinta na Tungar Dudu, wani tarin jar ƙasa mai tare ruwan da in kika yi tsaki a wannan gaɓa, ta waccan gaɓar za ta rama. Mata suka naɗa shi Sarkin Ruwan Kasko.

Da can, nan shanun Bappa makiyayi ke sha, mata su yi wanki, tsoho Bitrus ya yi shinkafa a gindin dam, da rani a yi su, a kwashi kifi. Sahabi ya hana duka. Ruwan gwamnati, in ji shi, ba na wasa ba ne. Fadamar Bitrus kuwa, nan ya ga ya dace da ofishinsa.

Tsakiyar damina sai ga takarda: mai duba lafiyar madatsun ruwa zai zo ya ba kowace daraja. Sahabi ya rantse ta farko zai samu. Aka shafe duwatsu da farar ƙasa, har surin da ke cin bangon dam ya sami rabonsa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, mafitar da rarar ruwa ke bi.

"Baƙo ya taho ya iske dam na zuba kamar tsohon tulu? A toshe ta da buhunan yashi!"

Bitrus ya ce, "Injiniya, tun da aka yi wanga dam, in ruwa ya taɓa dutsen can, hanya muke share mishi. Ga ramun gafiya nan jikin bango sun fara yoyo."

"Bitrus, ni da ƙafata na taka Kainji. Kai mi ka taka ban da laka?"

Bitrus ya kora awakinsa tudu, maƙwabta suka bi shi.

Kwana uku ana tafka ruwa. Ranar zuwan baƙo dam ya cika fal, Sahabi ya fi shi cika. Ya hau bango, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, wanga dam sai ya ga jikokin jikokinmu!"

Mai duban, wani siriri ana ce masa Tamada, ya dubi takalminsa da ke nutsewa.

"Ina mafitar ruwan?"

Sahabi ya nuna buhuna yana murmushi. Tamada ya finciko hannunsa, suka ranta a na kare. Bayansu bango ya buɗe baki. Ruwa ya yi gaba da buhuna, da suri mai kwalliya, da ofis har kujerarsa mai juyawa. Kafin la'asar mata na cika kwanduna da tarwaɗa daidai inda teburin Injiniya yake, ɗaya ma cikin hular kwanon ta zuba nata.

Rahoto ya iso, layi uku. Haɗari ga jama'a: babu. Amfani: babu. Ruwa: babu.

Sahabi ya sa shi a gilashi. Har yau in baƙo ya je gidansa sai ya nuna masa shaidar dam mafi aminci a jihar nan, da babban yatsansa kwance kan layi biyun ƙasa.