Ranar da Na Rina Binciken Dakta

Ni ne wawan labarin nan, kada a wahala neman wani. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ina wankin kwalabe a wani ɗakin gwaji a Jimeta, ina ji da ajina huɗu kamar digiri. Wata dakta 'yar Yola tana auna ƙarfin ganyaye wajen tsare jiki daga lalacewa. Takan zuba ruwan shunayya a kwalabe, ta ɗiga ruwan ganyen da ta yi damina guda tana tacewa, ta jira.

Wata rana da ta fita salla na leƙa, na ga kwalaben da ta ɗiga wa ruwan ganyen sabara sun koɗe sun koma rawaya. Ni kuwa jikan marina ne, a gidanmu koɗaɗɗen rini abin kunya ne. Na ƙara musu shunayya har suka yi shar, na zauna jiran yabo.

Ashe koɗewar ake aunawa: ganyen da ya fi cinye launin shi ya fi ƙarfi. Ruwan sabarar kuma ya ƙare ke nan.

Da ta dawo ta gani, na gyara murya na ce, "Dakta, ai gyara na yi."

Har yau a unguwarmu Damilu, da na tsoma baki a zancen boko, amsarta ake jefo mini: "Malam, bincike na kawo, ba zanen aurena ba."