Ranar da Na Rufe Iyaka

Da aka kawo kwamfutar tebur buron ƙungiyarmu ta manoma a Gazawa, wato ofishinmu, shugabanmu Alhaji Sale ya ce a kira mai gyara daga Agiye ya haɗa mata intanet. Na ce, “Alhaji, ina raye?” Ni da na yi kwana uku cur ana koya mini a Maraɗi!

Na jona waya, intanet ta kama, tsofaffi suka yi kabbara. Da a nan na tsaya, da yau ina da mutunci. Amma sai na buɗe katangar tsaro, mai hana ɓarayi shiga na'ura, na toshe duk abin da ya fito daga wajen Nijar. Har jawabi na yi musu a kan 'yan damfarar ƙetare.

Washegari ce ranar ƙarshe ta aika sunayen masu neman taki. Shafin intanet da ake aika su ya ƙi buɗewa. Na zagi rezo, wato layin sadarwa, na sa aka ɗaga eriya a kan gora. Dole aka kira mai gyaran, sai la'asar ya iso, ya duba, ya ce shafin takin ma a ƙasar waje yake ajiye. Sau biyu ya danna, sunaye suka tafi.

Alhaji ya dube ni. “Kai da kakanka ya tsallako daga Katsina bisa jaki, kai ne mai rufe iyaka?”

Tun ranar sunana Duwan, wato ɗan kwastan mai tsaron iyaka. Ko gaisawa za mu yi a kasuwar Gangara, sai mutum ya buɗe mini buhunsa tukuna.