Ranar da Na Koma Gida da Zanen Mma Azumi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin lissafin da na ci jarrabawa da shi, amma ba zan taɓa mantawa da daminar da na ratsa unguwarmu Nima ɗaure da zanen mace ba.

Farkon shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe a jami'a a Kumasi, ina karatun injiniyan ruwa. Wani malaminmu ya dawo daga Turai da manhajar kwamfuta a faifai, irin wadda ake amfani da ita a ƙasashe masu tsaunuka don gane yadda laka da duwatsu ke gangarowa ta kwazazzabo. Ka ba ta faɗin hanyar da gangarenta da kaurin lakar, ita kuma ta zana maka yadda abin zai taho. Mu dai ba mu da tsauni a Nima. Amma muna da babbar kwata, wadda muke kira gota, kuma in aka yi ruwa takan kwaso laka da yashi da bola da tsofaffin tayoyi, wani lokaci har da akuyar mutane. Na ce shi ke nan, ga kwazazzabona.

Na yi makonni ina ɗura wa kwamfutar lambobi. Duk zanen da ta fitar sai layin ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Abin ya ɓata mini rai, don layi mai santsi nake so, irin na littafi. Na yanke hukunci cewa na'urar ta tsufa (lafiyarta ƙalau, gaya mini take yi laka tana zuwa ne kashi-kashi, wani bayan wani). Na yi ta taɓa lambobin har layin ya kwanta. Na buga a takarda, na hau mota sai gida.

Na iske ana shawarar sake kafa gadar katakon da ruwa ya tafi da ita, wadda yara ke bi zuwa makaranta. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Alhassan, shi ne shugaban kwamitin. Bayan la'asar ya tara dattawa a bakin gota, ya ce ga ɗansu injiniya ya zo da amsa daga kwamfuta. Na sauka na ja layi da alli a jikin bango, daidai ƙuguna, na ce ruwa ba zai wuce nan ba.

A gefe akwai teburin Mma Azumi, wadda take sayar da shinkafa da wake a wurin tun kafin a haife ni. Ba ta cikin kwamiti, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Ta ce, "Injiniya, inji naka ya taɓa kwana Nima?"

Na ce a'a, amma ya san lissafi.

Ta ce, "Ruwan nan ba ya zuwa sau ɗaya. Na farko ya wuce, wuri ya yi shiru. Bola ya toshe can sama, sai ya ɓalle. Na biyu shi ke ɗaukan mutum."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, na ce, "Mma, wannan kimiyya ce." (Har yau in na tuna murmushin nan sai in rufe ido.)

Bayan kwana biyu aka tafka ruwa da safe, ya ɗauke da hantsi. Na aika a kira dattawa. Na sa farar riga da wandon da na ɗinka don neman aiki, na ɗauki sandar awo da takarduna, na sauka cikin gota. Ruwa iya idon sawu, alamar laka kuma tana ƙasa da layin allina. Na juyo ina bayani, jama'a sun cika baki biyu, har da masu talla.

Sai na ji wata ƙara daga sama kamar an tayar da injin niƙa. Mma Azumi ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce wa Kawu, "Alhaji, ku fid da ɗanku."

Ban kai ga tambaya ba. Wani baƙin tudu na laka da itatuwa da leda ya shawo kwana, ya doke ni a cinya. Allah Ya taimake ni na rungume guntun turken tsohuwar gada. Laka na ja ta ƙasa, maza huɗu suka miƙo gora suna ja ta sama. Suka yi nasara, amma an raba ganima: su suka samu ni, gota ta samu takalma da takardu da wando. Na tsaya a gaban dattawan Nima da riga da kamfai, kamfan ma ba irin wanda ake nuna wa jama'a ba.

Kawu ya shafa ni, ya tabbatar ban karye ba, ya yi hamdala. Kowa na tausaya mini. Mma Azumi ta zaro zanen da take rufe kwanukanta da shi, ta miƙo.

Ta ce, "Ɗaura, injiniya. A ƙirji ko a ƙugu, zaɓi naka."

Nan dariya ta ɓarke. Kawu, yana share hawaye, ya tambaye ta ko an gama. Ta ce a jira na uku. Aka jira, ina tsaye cikin zane mai furanni, ina ƙanshin miya. Na uku ya zo, ya shafe layin allina ya ɗara shi da kamu biyu. A ranar aka ba ta allin, ita ta nuna inda za a kafa gada.

Da na koma Kumasi na mayar da lambobin gaskiya, na rubuta aikina a kan hawa da saukar nan, na kuma ci. Na yi shekaru ina aikin magudanan ruwa bayan haka. Duk unguwar da aka tura ni, kafin in kunna kwamfuta sai in nemi tsohuwar da ta fi kusa da kwata in sayi abincinta, in zauna in ji ta bakinta. Kuma tun daga lokacin ba na fita aiki sai da wando na biyu a jaka.