Ranar da Na Ɗaura Ɗankwali Saboda Kofur

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya, amma ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da wani ɗan tsuntsu ya zubar mini da mutuncin da na yi shekaru ina tarawa a Kafanchan. Ni ne fa hedimastan da yara ke jin takun takalminsa su haɗiye dariya. Ni ne dattijon ikilisiya mai zama a kujerar gaba. To, ku saurara ku ji yadda aka yi.

Tsuntsun na 'yata ne, Zigwai, wadda ita kaɗai ta rage mini a gida tun da mamanta ta rasu. Nas ce. Wata tsohuwar Baturiya da suka yi aiki tare a asibitin mishan ce ta bar mata shi da za ta koma ƙasarsu. Aku ne, amma ba irin namu mai ruwan toka da jar wutsiya ba. Zigwai ta ce makawo ake kiran irinsu, daga Kudancin Amirka, wannan kuma cikin ƙananansu yake. Kore ne shar, da doguwar wutsiya, da fari a kewayen ido, ga ɗan ja a kafaɗa kamar igiyar soja. Shi ya sa ta sa masa suna Kofur.

Jiki ba yawa, amma rigima sai ka ce zakara. Kuma mutum ɗaya Kofur ya sani a duniyar nan. Da ya ji Zigwai ta taɓa ƙofa da yamma sai ihu, ya rataye da ƙafa ɗaya kai ƙasa, ya hau kafaɗarta, ya sunkuyar da kai a sosa masa ƙeya. Ni kuwa mai gidan, in na miƙa hannu sai cizo. Ya cinye hannun tabarauna, ya cinye gefen littafin waƙoƙina (shafin da na fi so ma ya fara da shi, don wulaƙanci). In na yi ƙorafi sai ta ce, "Baba, ba mugunta ba ce, haka halinsu yake. In sun zaɓi mutum, sun zaɓa." Ni kuma in ce, "To ya zaɓi gidan haya ma mana."

Ana nan sai ta sami aiki a Legas, su uku a ɗaki ɗaya, ba wurin tsuntsu. A tasha ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ga amana." Na ce, "Je ki abinki, tsuntsu ne ba jariri ba." Na dawo na tarar gidan ya yi mini faɗi, amma ban gaya wa kowa ba. Duk sa'ad da ta bugo waya amsata ɗaya ce: lafiya lau, komai lafiya lau.

Kofur bai iya irin wannan ƙaryar ba. Yamma na yi zai juya wajen ƙofa ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Daga baya ya daina kiran, wanda ya fi muni. Na ba shi gyaɗa, gwanda, ayaba, ɗanyar masara, ya juya mini baya. Sai na fara ganin gashi kore a ƙasan keji. Kafin in ankara ƙirjinsa ya koma kamar na kazar Kirsimeti. Likitan dabbobi ya jujjuya shi, ya sha nasa cizon, ya ce ba ciwo ba ne, kewa ce. Ya ce irinsu in sun rabu da wanda suka zaɓa sukan fige kansu, wani ma har ya mutu. Da wane baki zan gaya wa yarinyar nan amanarta ta mutu a hannuna?

Wata rana na fito da kayanta in shanya saboda danshin damina. Ɗankwalinta ruwan ɗorawa, na ƙungiyar mawaƙa, yana kafaɗata na wuce ta gaban keji. Sai Kofur ya ɗaga kai ya yi wani ɗan kuka a hankali, irin wanda yake yi mata. Na miƙa gyaɗa. Ya karɓa! Washegari kafaɗa ba ta gamsar da shi ba, sai da ɗankwalin ya hau kai. Da na ga abin yana ci, na ƙara da zanenta na zaman gida (kada ku tambaye ni yadda na koyi ɗauri, na sha faɗuwar zane kafin in ƙware). Daga nan na tuna takan rera waƙar sujada in tana ba shi abinci. Muryata irin ta bayan coci ce, mai kauri, sai na matse ta na siranta. Kofur ya ci, ya yi wanka, ya hau kafaɗata ya sunkuyar da kai. Sabon gashi ya fara tsirowa. Kullum da yamma sai in sa sakata in shiga aikina.

A tsakanin nan Zigwai ta gaya mini akwai wani saurayi ɗan Manchok da ke aiki a Legas, kuma mutanensa za su zo gaisuwa bayan girbi. Na sa aka wanke babbar rigata. Na shirya tambayoyi, na shirya fuska, don su san gidan mutunci suka zo neman aure.

Ranar da abin zai faru, maƙwabcina ya kwashe cittar da ya shanya a tsakar gidana, ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Ban lura ba, ban kuma duba sakata ba. Ina tsaye na ba ƙofa baya, singileti a jiki, zane a ƙugu, ɗankwali a kai, Kofur a kafaɗa, ina rera waƙa da 'yar siririyar murya har da rangaji. Sai na ji muryar Fastonmu a bayana.

"Sannu Mama, Baba yana ciki?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Na juyo a hankali, da gashin bakina da komai. Ga Fasto, ga wani dattijo da hula, ga wata tsohuwa da jaka a hammata. Kawun saurayin ne da gwaggonsa. Sun zo jana'iza cikin gari, Fasto ya ce bari su biyo su ga gida kafin ranar gaisuwa. Kawun ya cire hularsa, ban san dalili ba har yau. Gwaggon ta ce, "Yesu!" Na buɗe baki in yi maganar manya, sai na ji kaina na ce, "Sannunku da zuwa," da muryar nan siririya, don ba ta riga ta sauko ba.

Fasto, bawan Allah, ya so ya rufa mini asiri, ya miƙo hannu mu gaisa kamar bai ga komai ba. Kofur ya ga baƙo zai taɓa mutuminsa. Ya kumbura, ido ya juye, ya kai wa yatsan Fasto cafka. Fasto ya yi tsalle ya faɗi wata kalma da ba a cikin Littafi take ba. Na kai hannu in fizge ɗankwalin, Kofur ya riƙe shi gam ya ƙara mini da cizo a kunne. Sai zanen ma ya fara sulalewa, na tare shi da gwiwa.

Haka muka zauna, ni da ɗankwali a karkace, ina bayanin halin tsuntsayen Kudancin Amirka kamar ina gaban aji. Kawun yana ta gyaɗa kai yana kallon takalminsa. Gwaggon ce ta katse ni, da Hausarta irin ta ƙauyukanmu.

"Baba, wannan ɗankwali na yarinyan ne?"

Na ce nata ne.

"Tsuntsu ne yana kewan shi, ko kai?"

Na ce tsuntsu ne mana. Ta dube ni ta ce, "Nawa yaron, tun yana ƙarami ni na riƙe shi. Rigan shi na makaranta yana ƙarƙashin filo na har yau." Ni dai ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Hedimasta guda, gaban surukai, na share ido da bakin ɗankwalin 'yata, wanda har lokacin bai rabu da ƙamshin man gashinta ba.

Kafin su isa Manchok labari ya isa Legas. Zigwai ta bugo tana dariya har tana tari. Can sai ta ce, "Baba, kullum sai ka ce mini lafiya lau." Na ce, "Kofur ne ba lafiya, amma ya warke." Ta ce, "Kai fa?" Sai na ce, "Gidan ya yi mini girma, Zigwai. Ina kewarki." Muka yi kuka mu biyu a waya, ba kunya.

An yi aure lafiya, surukaina kuwa in mun haɗu sukan gaishe ni da ladabi, sai dai idonsu yakan fara zuwa kaina. Da Zigwai ta sami gidanta ta zo ɗaukar Kofur. Yana ganinta ya tashi daga kafaɗata ya koma tata, ko waiwaye bai yi ba, butulu. Yanzu takan bugo kowace yamma, in ji ihunsa a bayanta, in ta tambaye ni kuma ina faɗin gaskiya. Abin da na koya shi ne, in kana kewar ɗanka ka buɗe baki ka gaya masa da muryarka ta maza. In kuwa girman kai ya hana ka, to aƙalla ka duba sakata da kanka.