Lu'ulu'un Cikin Lefena

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kai lefena unguwar Daurawa ba, ko da na so in manta, domin akwai wadda ta ɗauki nauyin tuna mini har gobe. Amma bari in faro daga inda hankalina ya fara barin jikina.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti, aikina jini da fitsari da majina. A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi kuwa ba ruwan kowa da wannan bambancin. Tunda ana ganina da farar riga, sunana Likita. Mai ciwon haƙori ni zai nema, mai cike fom ni, har wanda zai sayi firji na hannu sai ya ce bari Likita ya zo ya duba. (Ban taɓa gyara musu ba. Sunan daɗi yake mini, Allah Ya yafe mini.) Illarsa ɗaya ce: ya ɗaure mini baki, na kasa furta "ban sani ba" a gaban mutane.

A shekarar aka sa mini rana da Rumaisa, wadda ta tashi a hannun kakarta, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya Saliyo. (Ku riƙe wannan sunan. Ni ban riƙe ba, ban kuma taɓa tambayar dalilinsa ba.) Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ke haɗa lefen. Atamfofi, leshi, mayafai, takalma da jaka, duk sun shiga akwati. Saura abu ɗaya.

"Komai ka ga dama ka rage," in ji Gwaggo, "ban da sarƙar gwal da 'yan kunnenta. Gidan nan shi suke fara nema a akwati. Kada ka sa in je in sunkuyar da kai."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kwasar adashena ta wurin aiki tana tafe, kuma gwal na yi niyya da ita. Kwasa ta zo kuwa. Sai dai a satin ne na zauna a bencin shagon Malam Sabo, mai sayar da kayan gini a bakin titinmu, wanda ƙanensa ke da ɗan ƙaramin kamfanin haƙar lu'ulu'u a ƙasar Saliyo.

Tsakani da Allah, Malam Sabo bai yi mini ƙarya ba. Ga abin da ya ce: "Likita, kamfanin nan a kwance yake. Injin janye ruwa ya mutu, damina ta cika ramin, rabin ma'aikata sun watse, lasisi ma ya kusa ƙarewa. Shi ya sa hannun jarin ya yi araha." Mai hankali zai ji dalilai huɗu na tashi ya kama gabansa. Ni kalmar ƙarshe kawai na ji. Ya ɗauko wata taswira mai layuka kala-kala ya miƙo mini, na riƙe ina gyaɗa kai, sai ya sa hannu a hankali ya juya mini ita daidai. Na ce ai mu a wurin aiki ta ƙasa muke fara dubawa. Kafin magariba kuɗin gwal sun koma hannun jari, ni kuma na je na shaida wa Gwaggo cewa na ba da saƙon sarƙa daga Dubai.

Aka saka ni a zauren masu hannun jari na waya, kuma tun daga ranar ban sake fahimtar komai ba. Ƙanen Malam Sabo zai turo saƙon murya, rabi Hausa, rabi wani yare, sauran kuma iska. Yau a turo hoton rami cike da jan ruwa, mutane su yi ta kabbara. Jibi a turo hoton da ni a idona shi ne dai na shekaranjiya, sai ka ga ana ta salati ana jajanta wa juna. Dabarar da na samo ita ce in jira mutum uku su yi magana, sannan in rubuta irin tasu, in ƙara da "kamar yadda na yi hasashe."

Ana saura kwana goma a kai lefe, gwal bai baro Dubai ba tunda bai taɓa zuwa can ba, sai aka kira taro a bayan shagon bayan la'asar. Aiki ya riƙe ni, na iso a makare. Na tarar ana ta musabaha ana murna, Malam Sabo yana raba wa kowa 'yar ambulan yana cewa saura wanki, a ƙara haƙuri, a ƙara ƙoƙari. Na buɗe tawa. Wani dutse ne kamar girman goro, ruwan toka, da ɗan ƙyalli-ƙyalli a jikinsa. Tambaya ta taso mini har maƙogwaro: wai wannan shi ne abin? Kafin ta fito, telan layinmu ya taɓo ni.

"Likita, kai da ka san kan abubuwa, ya ka gani?"

Ido ya dawo kaina. Na ɗaga dutsen sama, na kanne ido ɗaya, na juya shi sau biyu. Na ce, "Mai kyau ne. Sosai ma." Aka yi kabbara, tambayata kuma ta koma inda ta fito.

Washegari na tafi da shi wurin aiki na saka shi a ƙarƙashin madubin da muke duba jini. Na ga wasu duwatsu da kwazazzabai suna walƙiya, ban san me nake nema ba, saboda haka na yanke hukuncin na same shi. Sista Ngozi, abokiyar aikina haifaffiyar Kano, ta leƙo ta kafaɗata.

"Oga, wannan daga ƙodar wa aka ciro? Allah sarki, mutumin ya sha wahala."

Na yi mata murmushin tausayi, irin wanda mai kuɗi ke yi wa talaka. Da na koma gida na tuna na taɓa jin cewa lu'ulu'u yana yanka gilashi, sai na karta shi a tagar ɗakina, ya bar zane. Shi ke nan, magana ta ƙare. (Daga baya na gwada da tsakuwar ƙofar gidanmu, ita ma ta bar zane.) Na je wurin masu sayar da gwal na sayi ɗan akwatin nan mai jan ƙyalle a ciki, fanko, na kwantar da dutsena, na kai wa Gwaggo na ce kada a buɗe sai a gaban dangin amarya.

Ta girgiza shi kusa da kunnenta. "Sarƙa ce take ƙwal-ƙwal haka?"

"Gwaggo, abin da ke ciki ya fi gwal."

Kowa ya san ango ba ya zuwa kai lefe, aikin mata ne. Amma ni ina so in ji guɗar da za a yi da kunnena. Na aro motar abokina, na ce ni zan kai su Gwaggo, na sauke su, na koma ƙarshen layi ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya na sauke gilashi. Aka buɗe akwatin farko, guɗa. Na biyu, guɗa. Ina zaune ina lissafin saura nawa a zo kan nawa, har ina gyara hula ni kaɗai. Can sai gidan ya yi tsit. Na ce a raina mamaki ne ya kama su. Shirun ya yi tsawo, sannan wata murya ɗaya ta fashe da dariya, wata ta ce mata ta yi shiru. Wayata ta yi ƙara.

"Kana ina?" in ji Gwaggo.

"Ina nan kusa."

"Shigo."

"Gwaggo, ai ango ba ya shi..."

"Yau zai shiga."

Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofar falo. Mata ne cike, ga akwatunana a buɗe a tsakiya, ga Gwaggo a gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Hajiya Saliyo tana zaune a kan darduma, ɗan jan akwatin a cinyarta. Bayan na gaishe ta da muryar da ni ma ban san ina da ita ba, ta ɗago dutsen.

"Ɗan nan, mene ne wannan?"

Har a lokacin ban karaya ba. Na ce, "Lu'ulu'u ne, Hajiya. Ɗanye ne, ba a gyara shi ba tukuna. Ina da hannun jari a kamfanin da ke haƙo shi."

"A ina?"

"A Saliyo."

Ina rufe baki na ji sunan ƙasar ya yi mini kama da wani suna da na sani. Ta sa aka miƙo mata kofin ruwa, ta tsoma dutsen, ta goge da bakin zane, ta dube shi kamar ta ga tsohon maƙwabci.

"Shekarun ƙuruciyata duk a can muka cinye su da marigayi maigidana," in ji ta. "Ni ke dafa wa masu haƙa abinci. In suka haƙa suka wuce ƙasa suka tarar da tsakuwa, sai maigida ya ɗebi 'yar kaɗan ya aika wa masu zuba kuɗi, shaidar an kai ga tsakuwa, a ƙaro kuɗin wanki. A cikinta ake neman daimon ɗin, wato lu'ulu'un da kake faɗa, kuma sai a wanke tuli guda ba a samu ko kamar ƙwayar gero ba. Kai ba kyauta aka ba ka ba, ɗan nan. Roƙonka aka yi."

Dariyar da aka danne ta ɓalle. Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau, ina ta ƙoƙarin haɗa wanki da ƙoƙari da ambulan, komai yana zama daidai a lokacin da ba shi da amfani. Wata ƙanwar mahaifiyar Rumaisa, wadda ba ta yi dariya ba ko kaɗan, ta ce, "To mun ji. Ina gwal ɗin?"

Gwaggo ta ɗago ta dube ni. "Ka ce mini yana Dubai."

"Yana Saliyo, Gwaggo."

"A ina a Saliyo?"

"A cikin ramin."

Ban san me ya sa na ƙara da cewa ruwa ma ya cika ramin ba. Babu wanda ya tambaye ni. Matar nan ta ce a rufe akwatuna a mayar, su ba a kawo musu raini har gida. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don na ga aurena yana shirin komawa but ɗin motar aro. Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Lefe ya karɓu," in ji ta. "Wauta ce, ba mugunta ba, na san irinta, na aure ta. Kafin ɗaurin aure ka kawo sarƙa, ko siririya ce. Wannan kuma ba za a mayar maka ba, ya shiga lefe, kayan Rumaisa ne. Da na samu mai ba ni irinsa na ajiye tun farkon aure ina tuna wa maigida wautarsa, da marigayi ya dawo da mu gida da wuri."

Na kwashe su muka komo Gyaɗi-Gyaɗi. Sai da Gwaggo za ta sauka ta ce, "Ko tukwicin da suka ba ni kunyar karɓa na ji." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sayar da babur ɗina, kuɗin suka isa sarƙa siririya, ba su kai ga 'yan kunne ba. Ana gobe zan kai, Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta kwance wani ƙullin tsumma, ta zuba mini nata 'yan kunnen na aure a tafin hannu. Ta ce kada in ce komai, na riga na yi magana da yawa a bana. Dariyar matan Daurawa ta daɗe da daina damuna, amma wannan ƙullin har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Na koma wurin Malam Sabo da 'yar fushina, na ce me ya sa bai gaya mini tsakuwa ce ba. Ya buɗe baki yana kallona.

"Haba Likita! Ai na yi bayani dalla-dalla kafin ka shigo. Na ɗauka kai ka fi mu sani. Da ka ce mai kyau ce, har mutum biyu suka ƙara kuɗi."

Telan layinmu na cikinsu. Tun daga lokacin a Unguwa Uku nake kai ɗinki.

Kamfanin yana nan bai mutu ba, bai kuma tashi ba. Har yanzu ana turo hoton jan ruwa, kuma har yanzu ban san wanne ne na kabbara wanne ne na salati ba. Bambancin kawai, yanzu ina rubuta, "Jama'a, ban gane ba, a maimaita." Ranar da na fara rubuta haka, mutum huɗu suka biyo ni da "ni ma."

Dutsen kuwa yana cikin jan akwatinsa a kabad ɗin Rumaisa. Ba ta taɓa yi mini gori da baki ba. Amma duk ranar da na shigo gida da fara'a na ce, "Kin san wata harka da aka kawo mini yau?" ba ta katse ni. Sai ta tashi ta kawo mini abinci, tuwo a nan, miya a nan, ɗan jan akwati a tsakiya. In ci abincina in yi hamdala, in ce mata harkar ma ban gama gane ta ba.